Mudun da Ake Auna Mai Neman Bashi da Shi

Ana saura wata biyu azumi, wani tela da muke unguwa ɗaya da shi a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya nemi rance a bankin da ya shekara goma sha ɗaya yana ajiya a cikinsa, domin ya sayi keken surfani na zamani kafin ɗinkin Sallah ya kankama. Ya cike fom, ya kai hotuna, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, sannan ya koma shago yana jira. Bayan mako uku sai ga saƙo a wayarsa, layi ɗaya tak da Turanci, cewa ba a amince da buƙatarsa ba. Da ya je jin dalili, ma'aikacin da ke teburin bashi, wanda ya san shi sarai har ma ya taɓa kai masa ɗinki, ya dubi kwamfutarsa ya ce, "Wallahi Malam, ni ma ban sani ba, makinka ne bai kai ba." Bayan La'asar ya same ni a ƙofar gida, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, hanawar ba ta dame ni ba, don arziki na Allah ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ce na faɗi jarrabawar da ban san na zauna ba."

Wanda ya tashi a kasuwa ya san cewa auna mai neman bashi ba sabon abu ba ne. Mai shagon yadi a Babbar Kasuwar Katsina, ko dillalin hatsi a Dandume, ko mai shanu a Mai'aduwa, kowannensu yana da ma'auninsa, wani a littafi, wani a ka. Idan ka zo neman kaya bashi, Alhaji yakan tuna yadda kuka rabu a karon baya, ya tambayi maƙwabcinsa na rumfa, ya duba wanda ya kawo ka. In zai hana ka, yawanci yakan faɗa maka dalili ba tare da kwana-kwana ba: kuɗin da ka ce za ka kawo ranar kasuwa sai bayan Babbar Sallah ka kawo, ko kuma wane yana bin ka har yanzu. Da jin haka ka san abin da za ka gyara, in kuma ƙazafi aka yi maka, ka san wanda za ka kawo ya wanke ka. Wannan tsari yana da nasa aibin, domin baƙo ba ya samun shiga, macen da ke cikin gida ba a san cika alkawarinta ba sai ta bakin mijinta, kuma son kai da sanayya suna taka rawa. Amma mudun yana tsakiyar kasuwa, mai saye da mai sayarwa duk suna kallonsa.

Makin bashi yunƙuri ne na mai da wannan shaidar mutane zuwa lamba. A shekarar 1956 wani injiniya mai suna Bill Fair da wani masanin lissafi mai suna Earl Isaac suka kafa kamfani a Amurka bisa tunanin cewa idan aka tattara tarihin dubban mutanen da suka ci bashi, aka ware waɗanda suka biya da waɗanda suka gaza, za a iya gano alamomin da suka bambanta su, sannan a auna sabon mai nema da waɗannan alamomi. A 1989 kamfanin ya fito da makin da aka fi sani da FICO, wanda ke farawa daga 300 ya tsaya a 850. Abin lura shi ne kamfanin ya bayyana nauyin da yake ɗora wa kowane ɓangare: tarihin biya a kan lokaci yana ɗaukar kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ke kan mutum kashi 30, daɗewarsa yana hulɗar bashi kashi 15, sabbin basussukan da ya nema kashi 10, sai nau'o'in bashin da ya taɓa riƙewa kashi 10. Ainihin lissafin cikin injin sirrin kamfani ne, amma duk mai sha'awa ya san cewa jinkirin biya shi ne abin da ya fi zubar da maki. Ya kamata a fahimta tun daga nan cewa makin hasashe ne kan yiwuwar mutum ya gaza biya, wanda aka gina daga halin wasu mutanen da suka yi kama da shi a takarda. Bai san gaskiyar mutum ko tsoron Allahnsa ba, bai kuma yi iƙirarin sani ba.

A Nijeriya abin ya tsaya ne kan wasu ginshiƙai da mafi yawan masu ajiya ba su san suna da alaƙa da juna ba. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma bankuna da ƙananan bankuna da sauran masu ba da rance suna aika musu da bayanin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, da yadda yake biya. Ƙa'idar Babban Banki ta buƙaci banki ya duba rahoton aƙalla biyu daga cikin waɗannan kamfanoni kafin ya ba da rance. Lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, ita ce igiyar da ta ɗaure dukan asusun mutum wuri ɗaya, ta yadda bashin da aka ci a Legas zai bayyana a Funtuwa. Sai kuma dokar rahoton bashi ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sanya wa hannu a ƙarshen watan Mayu na shekarar yana muƙaddashin shugaban ƙasa, tare da dokar da ta ba da damar jinginar da kadarori masu motsi kamar injina da dabbobi. Wannan doka ta ba kowane mutum haƙƙin ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da haƙƙin ƙalubalantar duk bayanin da ya ga ba daidai ba. Haƙƙi ne mai daraja, sai dai a zamana da 'yan kasuwa da ma'aikata a Katsina ban cika haɗuwa da wanda ya san da shi ba, balle wanda ya taɓa amfani da shi.

Idan ana maganar fito da makin bashi a fili, mutane kan zaci ana nufin banki ya buga lissafinsa a jarida. A ganina wannan shi ne mafi ƙarancin amfani ga tela ko manomi, domin ko an ba shi shafi ɗari na lissafi ba zai ƙara masa komai ba. Abin da yake buƙata da farko shi ne ya ga bayanan da aka rubuta a kansa, tun da maki ba ya fin ingancin abin da aka zuba masa. Ko a Amurka, inda aka shekara fiye da hamsin ana wannan harka a ƙarƙashin dokar da aka kafa tun 1970, binciken da hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta fitar a 2013 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a rahotonsa, kuma kusan kashi 5 cikin 100 kuskurensu ya kai girman da zai sa a tsauwala musu kuɗin ruwa. To ina ga wurinmu, inda a layi ɗaya za ka sami Abubakar Sani uku da Aisha Lawal huɗu, inda ake rubuta suna ɗaya da haruffa iri-iri, inda mutum ke canza layin waya, wani kamfanin ya ba layin ga wani, kuma inda dattijai da yawa aka yi musu ƙiyasin ranar haihuwa? Kuskure a irin wannan yanayi abu ne da ake sa ran faruwarsa, kuma babu mai iya gano shi sai mai sunan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bayan bayanai sai dalili. Dokar Amurka ta 1974, wadda ta haramta nuna bambanci wajen ba da bashi, ta wajabta wa mai ba da rance ya faɗa wa wanda ya hana manyan dalilan hanawar, kamar yawan bashin da ke kansa ko jinkirin da ya yi a baya. A Turai kotuna sun ƙara matsawa gaba. Ranar 7 ga Disamba, 2023, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin SCHUFA mai fitar da makin bashi a Jamus cewa idan banki ya dogara ƙwarai da maki wajen yanke shawara, to fitar da makin shi kansa hukunci ne da na'ura ta yanke, don haka kamfanin da ya fitar da shi ba zai fake da cewa lamba kawai ya bayar ba. A watan Fabrairun 2025 kuma kotun ta duba ƙarar wata mata a Ostiriya da kamfanin waya ya hana kwantiragin da bai wuce Yuro 10 a wata ba saboda makinta, ta ce tilas a yi wa mutum bayanin hanyar da aka bi ta yadda zai gane, kuma miƙa masa tsagwaron lissafi mai sarƙaƙiya bai isa bayani ba. Idan kamfani ya ce akwai sirrin kasuwancinsa a ciki, sai ya kai sirrin gaban kotu ko hukuma ita ta auna. Dokarmu ta kare bayanan jama'a, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ita ma ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai ba tare da damar neman ɗan Adam ya sake dubawa ba. A rubuce dai ba a bar mu a baya sosai ba. A teburin bashi ne amsar take komawa "makinka bai kai ba".

Yanzu ga inda abin ya shafi ba da bashi bisa amana. Mai ba da rancen da ya san dole ya faɗi dalilinsa, dole ne ya fara sanin dalilin shi kansa. Wannan kaɗai yana canza halin ma'aikata, domin manajan da zai rubuta wa mutum "an hana ka saboda kaza" zai tsaya ya duba ko kazan gaskiya ne, kuma idan dalili ɗaya ya yi ta maimaituwa a kan mutanen wani yanki ko wani jinsi, hukuma za ta iya gani ta yi tambaya. A 2019 an yi ce-ce-ku-ce a Amurka kan katin bashi na kamfanin Apple, bayan wasu magidanta sun koka cewa an ba su iyakar bashi da ta ninka ta matansu sau da yawa alhali dukiyarsu ɗaya. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar Niyok ta bincika, ta kuma ce a 2021 ba ta sami nuna bambancin da ya saɓa wa doka ba, amma ta lura cewa rashin bayani ga masu katin ya zubar da amincewarsu. Ke nan ko da ma'aunin daidai yake, ɓoye shi yana jawo zargi. A jiharmu wannan batu ya fi tsanani, domin injin da ke koyo daga tarihin biya zai iya gano da kansa cewa masu adireshi a Jibiya ko Batsari ko Safana sun fi jinkiri a shekarun da 'yan bindiga suka hana noma da cin kasuwa, sai ya riƙa rage wa duk wanda ya fito daga can maki, har da wanda bai taɓa saɓa alkawari ba. Babu wanda ya zauna ya rubuta wannan ƙa'ida, amma sakamakonta shi ne a hukunta mutum sau biyu kan masifar da ba shi ya jawo ba, kuma muddin ba a faɗin dalili, ba wanda zai san hakan na faruwa.

Ga mai karɓa kuma, sanin ma'auni tarbiyya ce. Wanda ya san cewa jinkirin wata ɗaya zai bi shi shekaru, kuma biyan ƙaramin rance a kan lokaci zai buɗe masa ƙofar babba da sauƙin ruwa, yana da dalilin kiyayewa. Wanda bai sani ba yana ganin abin sa'a ce ko sanayya, don haka ba ya ganin ribar cika alkawari ga banki. Dole ne mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwambar 2015, da kuma lokacin rancen rage raɗaɗin korona a 2020, mutane da yawa a cikinmu sun karɓa da niyyar cewa rabonsu ne na gwamnati. Wasu da gangan suka yi, amma wasu da dama wakilan da suka cike musu fom ne suka ce musu tallafi ne, ba wanda ya zaunar da su ya ce wannan kuɗi yana rataye da lambar BVN ɗinku, kuma zai hana ku rance a ko'ina har sai kun biya. Da an yi wannan bayani da Hausa tun ranar farko, da wasu ba su karɓa ba, wasu kuma da sun biya. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, amma mutum ba ya shirin biyan abin da aka ce masa kyauta ne.

Masu ba da rance suna da hujjar da ya kamata a saurara. Suna cewa idan aka fayyace ma'auni, mutane za su riƙa yi masa dabara: wanda ya san ana duba yawan kuɗin da ke shiga asusunsa zai haɗa baki da abokinsa su riƙa tura wa juna kuɗi ɗaya safe da yamma, har asusun ya yi kama da na babban ɗan kasuwa. Wannan yana faruwa, kuma duk ma'aunin da ya zama abin nema yakan rage inganci. Amma hujjar tana da iyaka. Idan alamar da ake aunawa tana da alaƙa ta gaskiya da iya biya, kamar biya a kan lokaci ko rage yawan bashi, to wanda ya yi mata "dabara" ya gyara halinsa ne, kuma abin da ake so ke nan. Alamar da ke lalacewa da zarar an san ta, kamar irin wayar da mutum ke riƙewa, ko yawan sunayen da ke cikinta, ko lokacin da ya cike fom, dama can alama ce mai rauni wadda bai dace a rataya rayuwar mutum a kanta ba. Batun hana damfara kuwa ana iya ware shi, a bar wa kamfani sirrinsa a wannan ɓangare, hukuma ta riƙa leƙawa.

Irin waɗannan alamomi masu rauni su ne jarin manhajojin bashi na waya, kuma a nan ne duhun ya fi yawa. Manhajar takan nemi izinin shiga saƙonninka da jerin lambobinka da hotunanka, ta fitar da maki cikin minti biyu, ta tura maka kuɗi. Ba ka san abin da ta auna ba, kuma daga baya ne za ka gane cewa lambobin da ta kwasa su ne jinginar: ranar da ka yi jinkiri, surukinka da limamin unguwarku da shugabanka a wurin aiki za su sami saƙon da ke kiran ka ɓarawo. A ƙasar da mutunci ya fi kuɗi, wannan makami ne mai kaifi. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta ci wani kamfanin bashin waya tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin masu hulɗa da shi, a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista, sannan daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane. An sami sauƙi, amma ɓoye farashi bai gushe ba. A ɗauki misalin wanda aka ce za a ba shi naira 20,000 na kwana 14, aka cire 3,000 tun farko da sunan kuɗin aiki, 17,000 suka shigo hannunsa, zai kuma biya 20,000. Ruwan da ya biya ya haura kashi 17 cikin 100 a mako biyu, wanda in aka lissafa a shekara ya zarce kashi 450. Haka ma ma'aikacin da aka ce masa "kashi 5 ne kawai a wata" kan naira 300,000 na shekara ɗaya: idan ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, zai biya 40,000 duk wata, jimla 480,000, alhali bashin yana raguwa kowane wata, don haka ainihin abin da yake biya a kan kuɗin da ya rage a hannunsa ya kai kusan kashi 8 a wata. Maki da farashi a haɗe suke, tun da makin ne ke yanke ruwan da za a ɗora maka, kuma wanda aka nuna wa ɗaya aka ɓoye masa ɗayan bai ga komai ba.

Akwai wani abin da ko makin da ya fi kowane fitowa fili ba zai warware ba, kuma shi ne ya fi damuna. Maki yana amsa tambayar mai kuɗi ne: shin kuɗina zai dawo? Ba ya amsa tambayar ko mai karɓa zai iya biya ba tare da gidansa ya rushe ba. Malamin firamare a Daura ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Rimi yana da maki mai kyau saboda albashinsa yana shigowa ta banki kuma ana cire bashin kafin ya taɓa kuɗin. Tun ranar 1 ga Agusta, 2020, tsarin GSI na Babban Banki ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashin a wasu bankuna, bisa izinin da ya sanya wa hannu lokacin karɓa. Tsari ne da ya toshe ƙofar masu cin bashi a nan su gudu can, kuma wannan daidai ne. Amma yana rage wa mai ba da rance tsoron asara, kuma wanda ba ya tsoron asara ba lallai ne ya damu da tambayar mutum nawa ne ke cin abinci daga albashin ba. Na san ma'aikatan da rance uku ke kansu lokaci ɗaya, na banki da na ƙungiyar ma'aikata da na waya, waɗanda ranar da alat ya shigo abin da ke saura bai kai kuɗin buhun masara ba, sai su sake cin wani bashin don su kai ƙarshen wata. A takarda kowannensu mai cika alkawari ne. Ba da bashi bisa amana yana buƙatar mai bayarwa ya lissafa abin da zai rage wa mutum bayan an cire komai, ya nuna masa lissafin ƙeƙe-da-ƙeƙe, ya kuma iya ce masa a'a ko da makinsa ya kai.

Sai kuma waɗanda injin bai ma san da su ba, waɗanda su ne mafi yawa a ƙananan hukumomi 34 na jihar. Matar da ta shekara ashirin tana zubin adashi ba ta taɓa tsallake mako ba, mai kayan miyan da ke ɗaukar kaya da safe ya biya da yamma, manomin da ke karɓar taki ya biya da kaka, dukansu suna da tarihin amana da ya fi na ma'aikata da yawa, amma babu ko layi ɗaya nasu a rumbun kamfanonin nan uku. Idan suka nemi rance, rashin tarihi yakan zama kamar mummunan tarihi. Mafi muni shi ne wanda karonsa na farko da shiga rajistar ya zo ta hanyar ɗan ƙaramin bashin waya da ya makara, sai ya zama abin da duniyar banki ta sani game da shi ke nan kaf. Kenya ta faɗa wannan rami kafin mu, inda aka riƙa sanya mutane a baƙin littafi kan kuɗi ƙalilan, har sai da babban bankin ƙasar ya hana a watan Afrilun 2020 a rubuta mutum a matsayin wanda ya gaza kan bashin da bai kai shilin 1,000 ba, ya kuma janye wa kamfanonin bashin waya marasa rajista izinin aika sunaye. A ra'ayina ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na gama-kai a Katsina za su iya fara shigar da tarihin biyan mambobinsu da yardarsu, domin littafin uwar adashi shaida ce ta gaskiya, in dai mai sunan ya san abin da aka rubuta a kansa kuma yana da ikon gyarawa.

Masu guje wa riba su ma abin ya shafe su. Bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen kaya su sayar wa mutum da ribar da aka amince da ita a biya sannu a hankali, amma kafin su yi haka suna duba rahoton nan ɗaya da sauran bankuna ke dubawa, kuma kuskuren da ke cikinsa zai hana ka a can kamar yadda ya hana ka a nan. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma a cikinta an ce wanda bashin ke kansa shi ne zai yi shiftar abin da za a rubuta. Malamai sun fi ni sanin zurfin wannan, amma ko ɗalibi ya ga cewa an sanya mai rauni a cikin ma'amalar ya zama ya san kowace kalma da aka rubuta a kansa.

Telan da na fara da labarinsa mun je da shi wani shagon intanet a kan titin IBB, muka nemi rahotonsa na kyauta da lambar BVN ɗinsa. Da aka buga takardar sai ga rancen naira 12,000 da ya taɓa karɓa a wata manhaja shekara biyu da suka wuce, lokacin da ɗansa ya kwanta asibiti, an rubuta cewa har yanzu bai biya ba. Ya biya tun a makon da aka yanka masa, amma kamfanin bai aika da labarin biyan ba. Allah ya taimake shi bai goge saƙon bankin da ya nuna fitar kuɗin ba, don haka muka ciro bayanin asusunsa na wannan wata, muka haɗa da takardar koke, muka aika wa kamfanin rahoton da kuma masu manhajar. Kafin a gyara, Sallah ta wuce, kuma surfanin bana sai wurin wani abokin sana'arsa ya riƙa kaiwa yana biya kan kowace riga. Ya sake cike fom a watan da ya gabata, wannan karon da kwafin rahoton da aka gyara manne a bayansa, kuma ya roƙi ma'aikacin cewa ko me aka yanke, a rubuta masa dalili.